Lucozade Energy a Birtaniya bayan harajin sukari

Tun a 2017, kafin harajin lemon zaƙi ya fara aiki a Birtaniya a watan Afrilun 2018, masu Lucozade Energy suka rage sukarin da ke cikinsa zuwa ƙasa da giram 5 a kowace mililita 100, wato iyakar da haraji ke farawa, suka cike giɓin da sinadaran zaƙi irin su aspartame. Launinsa da iskarsa suna nan, amma kaurin nan da ke manne wa harshe ya ragu, kuma zaƙin yana barin wani ɗanɗano a maƙogwaro. A ganina ya fi daɗin sha da sanyi sosai. Masu ciwon sukari da ke shansa idan sukarinsu ya faɗi su duba takardar jikin kwalba, domin ma'aunin da suka saba ba zai wadatar ba.