Maganin Goge Karce da Rigar Mota: Wata Biyar Ina Fama da Kyanwar Maƙwabciya

Motata baƙa ce, kuma duk wanda ya taɓa riƙe baƙar mota ya san ba ta rufa wa kowa asiri. Ƙuda ya sauka a kanta sai an ga wurin. To a kan wannan motar ce kyanwar maƙwabciyata ta ga ya dace ta riƙa kwana. Da zarar na dawo da yamma na kashe inji, kafin in gama shiga gida ta haye bonet ta naɗe, irin kwanciyar nan ta mage mai ɗaukar rai. Da safe in tarar da sawunta jere, daga bamba zuwa gilashin gaba har rufi. Abin dariya na ɗauke shi, har ranar da na wanke motar tas, rana ta haske ta ta gefe, sai ga layuka sirara birjik a kan bonet, wasu huɗu-huɗu a jere kamar an ja da cokali mai yatsu. Ashe wannan ba kyanwar Lami ba ce.

A cikin wata biyar na gwada maganin goge karce na kamfanin Meguiar's mai suna ScratchX, na gwada wata na'ura mai korar kyanwa da ƙara, na sayi rigar mota, na kuma kai motar wurin mai fenti sau ɗaya. Maganin gogewar shi zan fi daɗewa a kai, don shi ne na fi sa wa rai, shi ne kuma na fi yi wa gurguwar fahimta.

Na saye shi da tunanin wani abu ne da ake shafawa ya cike karce kamar yadda ake cike tsagar bango. Ba haka yake aiki ba. Fentin mota hawa-hawa ne. A ƙasa akwai shafen farko mai kama ƙarfe, galibi ruwan toka, sai launin motar a kansa, sai wata fata garau marar launi a sama, wadda ita ce ke ba da sheƙi, ita ce kuma ke tare zafin rana kada launin ya koɗe. Duka hawan nan in an haɗa su, a motar da ta fito daga masana'anta, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, maikiron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Fatar saman ita kaɗai ba ta cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin farar takardar ofis. Maganin gogewa yana ɗauke da wasu ƙwayoyi masu laushin gaske da ke cin wannan fatar kaɗan-kaɗan, har gefen karcen ya sauko daidai da ƙasansa, haske ya daina maƙalewa a wurin. Ke nan karcen bai cika ba, fentin da ke kewaye da shi ne aka rage. Duk gogewar da ka yi, daga ɗan abin da kake da shi kake zara, kuma ba ya dawowa.

Wanda ya gane wannan zai san a kan wane karce zai ɓata ƙarfinsa. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Ka wanke wurin, ka ja farcenka a hankali ka gitta layin. In farcen ya wuce sumul, ko kuma ka zuba ruwa layin ya ɓace sai da ya bushe ya dawo, to a fatar sama ya tsaya, gogewa za ta yi masa. In farce ya maƙale, ya yi zurfi. In kuwa kana hango toka-toka a cikinsa, ya keta launin ya isa shafen ƙasa, kuma babu kwalbar da za ta taimake ka. A bonet ɗina mafi yawan layukan farce bai kama su ba. Biyu ne kawai, can bakin bonet ta gefen direba, suka riƙe farce gam. Nan ne, ina jin, ta zame wata rana ta kafa akaifun baya don kada ta faɗi.

Na yi aikin ne a inuwa, bonet ya huce, bayan na wanke na tsane. Ana ɗiga ɗan kaɗan a kan soso mai laushi, a ɗauki wuri ƙarami kamar faɗin tafin hannu biyu, a goga da ɗan dannawa, sannan a share da tawul mai laushin nan na goge mota tun bai bushe ba. Zagayen farko bai nuna mini wani abin a zo a gani ba, har na fara cewa an ci kuɗina. A na biyu da na uku ne layukan suka fara dushewa. Bonet ɗin kaɗai ya cinye mini yammaci guda, kafaɗata kuwa ta kwana biyu tana ba ni labari. Amma da na fito da motar rana washegari, sirara-siraran nan sun tafi, baƙin ya dawo da zurfinsa. A kan abin da aka yi shi dominsa, wato ƙananan karce da dusashewa, maganin ya cika alkawari, kuma ban ci ko kwatan kwalbar ba.

Manyan biyun nan na tsaya musu da taurin kai. Na goga, na sake gogawa, gefensu ya yi laushi, suka rage ɗaukar ido, amma suna nan. Da na lura wurin ya fara fin sauran bonet santsi sai na janye hannu, kada garin neman gira a rasa ido. In ka huda fatar saman, tabon da zai fito ya fi karcen muni, kuma shi sai feshi. Ban ga laifin maganin a nan ba, tunda ba a ce yana yin abin da na matsa masa ya yi ba.

Akwai wata ruɗu da na faɗa wadda ya kamata a sani. Bayan gogewa akan shafa kakin mota, don maganin ya kwashe wanda ke wurin. Kakin yana kwanciya cikin ƙananan ramuka ya ɓoye su, sai ka ga mota kamar sabuwa. Bayan wanki uku ko huɗu sai wasu layuka kaɗan suka leƙo, waɗanda na ɗauka sun tafi. Saboda haka kada ka yanke wa aikinka hukunci a ranar da ka gama shi.

Manyan biyun ne suka kai ni wurin mai fenti, kuma a can aka kwance mini zani a kasuwa. Ya ɗora wata 'yar na'urar auna kaurin fenti a wurare da dama, ya haska fitila ta gefe, sannan ya ce, “Maigida, da me kake share sawun nata da safe?” Na ce da tsumman da ke cikin but. Ya ce, “A bushe?” Na yi shiru. Ya nuna mini cewa na kyanwa gajeru ne, a jere, masu bin hanya ɗaya, sannan ya nuna mini wasu dogaye masu lanƙwasa kamar bakan gizo, daidai tafiyar hannun mutum. Waɗannan, in ji shi, nawa ne, kuma sun fi nata yawa. Laifi tudu ne.

Bayaninsa ya zauna mini. Akaifar kyanwa da farcen mutum abu ɗaya aka yi su da shi, kuma in tana tafiya lafiya lau akaifun gaba a janye suke cikin tafi. Sai in za ta yi tsalle ko ta zame take fito da su. Babban mai ɓarnar shi ne yashin da ta kwaso a tafin ƙafa da gashin ciki. A ma'aunin tauri na Mohs, mai tashi daga 1 zuwa 10, farce yana wajen 2.5, ƙwayar yashi kuwa 7. Ta kwanta a kan ƙura ta yi juyi, ni kuma in zo da busasshen tsumma in ƙarasa aikin. Tun daga ranar, sawu ko ƙura, ruwa nake fara kwarara musu.

Game da manyan biyun, ya ce zai iya fesa bonet ɗin gaba ɗaya, amma bai ba ni shawarar haka ba. Fentin masana'anta ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 140, tun ba a sa roba da waya a jikin motar ba, na gareji kuwa a wajen digiri 60 ake busar da shi, kuma dacewar launi sai an yi sa'a. Ya duba lambar launin a 'yar takardar da ke manne jikin motar, ya haɗa ɗan kaɗan, ya ɗiga cikin layukan da siririn buroshi. Daga taku uku ba ka ganinsu. In ka sunkuya za ka gani. Na yarda da hakan, na kuma ji daɗin mutumin da ya ƙi babban aiki ya zaɓi ƙarami.

Sai dai duk wannan gyaran banza ne muddin mai gadon tana dawowa kowane dare, ga shi fatar da zan goge ba ta da yawa. Na'urar ƙarar ba zan ɓata muku lokaci a kanta ba. Dabararta ita ce ta fitar da ƙara mai tsinin da kyanwa ke ji mutum ba ya ji, kuma tana da tushe, don a ma'aunin tsinin sauti kunnen mutum yana tsayawa a wajen kilohaz 20, na kyanwa kuwa yana kaiwa sama da 60. Kwana huɗu ta yi aiki. A na biyar na tarar da kyanwar kwance, na'urar na ƙifta mata ido. Ɓawon lemo ma haka, yana bushewa ta dawo. Wani ya ce in barbaɗa barkono ko in ajiye kafur, na ƙi. Barkono zai shiga mata ido, kafur kuwa guba ne gare ta da yaran da ke wasa a wurin. Ɗumi take nema, ba fitina ba. Zafin jikinta ya kai digiri 38 zuwa 39, ya ɗara namu, ga bonet da ɗumi, ga tudu da za ta hango ko'ina. Wannan neman ɗumin ne ma ke sa wasu su shige cikin inji ta ƙasa, shi ya sa yanzu sai na bubbuga bonet kafin in tayar.

Rigar mota ce ta kawo sauƙi, mai kauri, mai shimfiɗa mai laushi a ciki da igiyar ɗaurewa ta ƙasa. Ba ta kori kyanwar ba, sai ma ta ƙara mata jin daɗin wurin, amma tun da na fara sawa ban ga sabon layi ko ɗaya ba. Tana da nata sharaɗi. In ka rufa ta a kan mota mai ƙura, iska ta kaɗa ta dare guda, ita ma za ta yi maka aikin tsumman nan nawa, don haka ranar da motar ta yi datti sosai gara in bar ta a buɗe. Cikinta ma sai ana kakkaɓewa. Babbar matsalarta kuwa ni ne, ranar da na dawo a gajiye, mintuna biyar na rufewa su zame mini dutse.

Maganar maƙwabciyar na daɗe ina jinkirta ta. Dattijuwa ce, kyanwar ce abokiyar hirarta. Wani abokina ya matsa in nemi ta biya. Dokokin ƙasashe ma ba su haɗu a kan wannan ba. A Ingila dokar dabbobi ta 1971 ta ɗora wa mai shanu ko tumaki alhakin ɓarnar da suka yi in sun shiga filin wani, amma kyanwa ba ta cikin jerin. A Jamus sashe na 833 na kundin dokokin farar hula ya ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnar dabbarsa, kyanwa ma a ciki, sai dai sai ka tabbatar da cewa ita ce ta yi. Ni da mai fenti ya riga ya nuna mini sawun hannuna, da wane baki zan je neman diyya?

Na dai je na same ta. Na ce, “Mama, wata 'yar magana ce ta kawo ni, ba ƙara ba ce. Magenku ta mai da motata ɗakin kwana.” Ta riƙe baki ta ce, “Kai ɗan nan, shi ne ka yi shiru duk tsawon lokacin nan? Ni ina ta cigiyar inda take kwana.” Ta ce a faɗa mata abin da na kashe, na ce a bar wannan maganar. Abin da muka tsayar shi ne ta riƙa shigar da ita ɗaki da magariba, lokacin da bonet ke da ɗumi, jikanta kuma ya ɗora mata kwali da tsohon bargo a kan wata 'yar rumfa mai tudu. Ta kuma sa an ɗan rage mata tsinin akaifu, tsinin kawai, tunda kyanwar da ke fita waje da su take hawa bango ta tsere wa kare.

Yanzu a mako takan zo sau biyu ko uku, galibi in an manta taga a buɗe. Jiya ma da na fito na tarar da ɗan lotsawar da ta bari a tsakiyar rigar, da gashi fari-fari. Na kakkaɓe, na naɗe, na sa a but, kusa da kwalbar maganin da ban sake buɗewa ba tun ranar farko.