Asibitin da muka kai ɗan yayata da ya sha zakami

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a wajen Unguwar Rimi a Kaduna, suna duba masu shaye-shaye da masu taɓin hankali. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan soke su.

Abokai ne suka zuba wa yaron 'ya'yan zakami a zobo a wajen wani biki a Tudun Wada. Ya dawo gida yana tsintar abin da babu a jikin bango, yana hira da kakarsa da ta daɗe da rasuwa. Jiki zafi rau, amma ko ɗigon gumi babu. Mutanen gida suka ce iska ce, wasu suka kawo maganar gidan mari. Ni kuwa tun abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300 a kulle, wasu da sarƙa a ƙafa, na rantse ba da jinina ba.

Inda suka burge ni shi ne karɓar farko. Nas ɗin ba ta tsaya yi mana wa'azi ba. Ta haska idonsa da tocila, baƙin idon ya buɗe wangale. Ta duba harshe, a bushe ƙamas. Sai ta ce, "Kawu, tun jiya ya yi fitsari?" Ba wanda ya lura. Ashe mara ta cika tam, sai da aka sa masa roba. Aka ɗaura masa ruwa, aka yi ta shafa masa tsumma mai sanyi, aka ba shi allurar da ta kwantar da shi.

Likitan ya zaunar da ni ya yi min bayani dalla-dalla. Zakami, wanda ba banza ake ce masa haukata-yaro ba, yana ɗauke da sinadaran atropine da scopolamine. Su ke tsayar da gumi da yawu da fitsari, su sa zuciya gudu, su rikita ƙwaƙwalwa. Ƙarfinsu ya bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, saboda haka babu wani awo: abin da wani ya sha ya yi ta sambatu, wani zai kai shi ga jijjiga, ko doguwar suma, ko kabari. Ya kuma hana mu ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa madara ko manja, don zai iya shaƙewa. Da yaron ya dawo daidai, ko abu ɗaya bai tuna ba, kuma ya ɗan jima yana ganin rubutu dishi-dishi.

Yanzu ga ƙorafina. Sai da muka ajiye kuɗi masu kauri kafin a ba shi gado, kuma ba a faɗa mana na magani daban ne ba sai ranar sallama. Da dare ma'aikata kan yi ƙaranci, ni na kwana riƙe da hannunsa kada ya fizge robar ruwa. Zaman ba da shawara kuwa shiririta ce, wani matashi ne ke karanto takarda yana duba waya.

Don ceton gaggawa, zan sake kai wani. Don raba yaro da shaye-shaye kuwa, likitan da kansa ya rubuta mana takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa. Idan za ku je, ku tafi da ragowar abin da aka sha in kun samu, shi suka fara tambayarmu.