Carpenters ko Simon da Garfunkel: da wa za a fara wa Baba?

'Yar'uwa, kin ce Baba ya yi karatu a Amurka a shekarun 1970, yanzu ya yi ritaya, kina so ki zuba masa waƙoƙi masu sanyi na zamaninsa a waya, amma kin rasa da wa za ki fara tsakanin Carpenters da Simon da Garfunkel. Duka biyun da su Amurkawan da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 suka tashi, kuma duka sun yi suna ne wajen haɗa murya. Ba irin amshin da muka saba ba ne, inda mawaƙi zai ja baiti 'yan amshi su karɓa. Muryoyin tare suke tafiya, wata sama wata ƙasa.

Paul Simon da Art Garfunkel 'yan unguwa ɗaya ne a Queens ta birnin New York, tun suna firamare suka san juna. Simon ke rubuta waƙa yana kaɗa jita, Garfunkel kuma ya ɗora siririyar muryarsa a kai. Faifansu na farko a 1964 bai yi kasuwa ba, har Simon ya tattara ya tafi Ingila. Sai furodusa Tom Wilson ya ɗauki "The Sound of Silence" ya ƙara mata ganga da jitar lantarki ba da saninsu ba, ta zama ta ɗaya a Amurka a farkon 1966. Waƙoƙinsu na kaɗaici ne da ruɗanin matasa a lokacin yaƙin Vietnam. Wanda bai bin Turancin sosai rabin daɗin ya wuce shi, don nauyin yana cikin kalmomin ne.

A 1970 suka rabu, a shekarar kuma tauraron Carpenters ya haska da "Close to You".

Carpenters wa ne da ƙanwarsa, Richard da Karen, waɗanda iyayensu suka koma Downey ta jihar California a 1963. Richard ke fiyano da tsara kiɗa. Dabararsa ita ce a naɗi muryarsa da ta Karen sau da yawa a situdiyo a jera su kan juna, sai ki rantse taron mawaƙa ne, alhali su biyu ne kacal. Duk wannan shimfiɗa ce kawai domin muryar Karen ta zauna. Murya ce mai kauri, ba ta ihu, ba ta gaggawa, ko waƙar murna take yi sai kin ji ɗan baƙin ciki a ƙasanta. Abin mamaki, ita ganga ta fi so, sai da aka lallashe ta kafin ta yarda ta fito gaba. Masu sharhi na lokacin sun raina su, suna ganin kiɗan iyaye ne, balle da suka yi wasa a fadar White House gaban Shugaba Nixon a 1973. A ganina raini ne marar dalili. Karen ta rasu a Fabrairun 1983 tana da shekara 32, bayan fama da ciwon ƙin cin abinci.

To, ni dai Carpenters zan fara sa masa. In da gaske a shekarun 1970 ya zauna can, su ya riƙa ji a rediyo suna sabbi, su Simon kuwa ya tarar sun riga sun watse. Nemi tarin waƙoƙinsu da ya fito a 1973 mai suna "The Singles: 1969–1973". Amma in Baba mutum ne mai karatu, mai tsayar da waƙa ya ce "ji abin da ya faɗa nan", ƙara masa wasan da Simon da Garfunkel suka sake haɗuwa suka yi a Central Park a Satumban 1981. Kusan duk manyan waƙoƙinsu suna ciki.