Dala 45 na biya, ashe kwafi tsohon nan ya saka min

Bikin kiɗan Kirista da na je a jihar Illinois, shi kansa ya yi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Duk wanda ke bin kiɗan metal da hardcore na Kirista, masu ƙarar jita da ganga da ihu, a nan Amurka ya san tun da aka rufe Cornerstone a 2012, babban taron nan da mutanen Jesus People USA suka fara a 1984 daga baya suka mayar da shi wata gona kusa da Bushnell a jihar Illinois, sai ƙananan bukukuwa suka rage nan da can, kuma a irinsu ne za ka ga tsofaffin fayafayai da sababbi sun taru a tanti ɗaya, ka ɗauka da hannunka ka juya ka karanta bayansa. Ni abin da ya kai ni ke nan. Mawaƙa na kalla na ji daɗi, amma kuɗin da na tara na sayen faifai ne.

Mutanenmu na gida in suka ji kiɗan nan yana tashi a wayata tambayar farko ita ce, wai wannan ihun ma yabon Ubangiji ne? Ni da na tashi a Kaduna da waƙoƙin sujada da kiɗan zumuntar mata na gane tambayar sarai. Amsar tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da faifan. Mai waƙa yana gurnani, jita biyu suna ruri, mai ganga yana gudu da ƙafa biyu, kalma ɗaya ba za ka tsinta ba sai ka buɗe takardar kana bi layi bayan layi, a nan za ka ga ashe irin kukan Zabura ne, mutum yana kokawa da zunubinsa yana kiran Yesu da iyakar muryarsa. Shi ya sa sauraro ta intanet bai taɓa isata ba, ina son faifan da takardarsa a hannuna.

Na sababbin kaya ba ni da ƙorafi. Na ɗauki Messengers na August Burns Red, na 2007, wanda har yau in ana maganar ganga a wannan fanni sai an ambaci mai gangarsu Matt Greiner, na ɗauki Undeceived na Extol, 'yan Norway ɗin nan, na shekarar 2000, da Reborn na Living Sacrifice. Duk a leda suke ba a buɗe ba, farashi yadda kuka sani, masu teburin suna fara'a, har sitika suka ƙara min. Shi ke nan, babu abin faɗa.

Matsalar tana can ƙarshen tantin, wajen wani dattijo mai farin gemu da ya jera kwalaye cike da tsofaffin sidi da kaset da faifan garmaho. Kayan nasa fa kaya ne, gaskiya sai an faɗa, na ga Mortification na Ostareliya, na ga Strongarm, na ga Tourniquet, abubuwan da sai dai ka gan su a hoto. Ina cikin tonawa sai ga Inhabit na Living Sacrifice. Wanda bai sani ba, waɗannan mutanen Little Rock ne a jihar Arkansas, kuma kafin su koma kamfanin faifai na Solid State su fitar da Reborn a 1997 inda Bruce Fitzhugh ya karɓi waƙa, sun yi albam uku a kamfanin R.E.X., Inhabit na 1994 shi ne na ukun, lokacin suna death metal zalla mai nauyi. Kamfanin R.E.X. ɗin ya daɗe da mutuwa, don haka bugun farko ba ya samuwa haka kawai. Na juya bayan kwalin na ga tambarin R.E.X. ɗin, kai, hannuna har rawa yake. Na tambaye shi, Baba, wannan bugun farko ne? Ya ce bugun farko ne, na asali, shi da kansa ya san tarihin kowane faifai da ke teburin nan. Ya zauna yana ba ni labarin shekarun da ya yi yana zuwa irin wannan taro, ga ayar Littafi Mai Tsarki ya rubuta a kwali ya jingina a gaban teburin, wa zai kawo wani abu a ransa?

Tsarinsa shi ne ƙananan kwalayen sidin da ke kan tebur duk fanko ne saboda masu ɗauke-ɗauke, fayafayan suna cikin wata jaka a bayansa, sai ka biya ya juya ya zaro ya saka maka ya rufe ya jefa a leda. Masu sayar da na hannu da yawa haka suke yi, ba baƙon abu ba ne. Kuma kati ba ya karɓa, sai tsabar kuɗi, babu rasit babu komai. Dala 45 ya ce, na nemi ragi ya ce ko sisi, wai in na bar shi kafin yamma wani zai ɗauka. Na ƙirga na ba shi.

Da dare muka koma mota ni da abokina, motarsa tsohuwa ce mai cin sidi, muka saka. Ya fara, amma sautin can ƙasa-ƙasa, sai mun ƙure murya kafin ya kai na Reborn da muka cire yanzu, kuma tsakanin waƙa da waƙa akwai wani ɗan ƙas da yake yi, ana shiga ta huɗu ya fara tsalle. Abokina ya fitar da shi ya haska da fitilar waya ya ce, zo ka gani. Bayan faifan kore-kore ne mai shuɗi. Faifan da masana'anta ta buga bayansa fari ne tas kamar azurfa, kuma a ɗan zoben da ke zagaye da ramin tsakiya akwai lambobin bugu da aka zana a jikinsa. Wannan babu, kuma in ka karkata shi a haske kana ganin iyakar inda kwamfuta ta gama rubutu ta tsaya, sauran fili. Saman ma da muka duba da kyau takarda ce aka buga hoton a firinta aka manna, gefe ɗaya har ya fara ɗagowa. Kwali na asali, ɗan littafi na asali, faifai kuma fanko ne na kanti aka ɗora wa waƙoƙi. Irin algus ɗin masu tumatir ne sak, masu kyau a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ba wai don dala 45 kawai ba, duk da ita ma ba a ƙasa na tsince ta ba, a tsaye nake yini a wajen aiki kafin in same ta. Abin da ya fi ci min rai shi ne na tambaye shi baki da baki ya kalli idona ya ce na asali ne.

Da safe ana buɗe tanti ina gabansa. Na gaishe shi da ladabi, na ajiye faifan na juya masa bayansa na ce, Baba, duba abin da ka saka min jiya. Ko mamaki bai yi ba jama'a, abin da ya nuna min ya sani ke nan. Ya ce ai shi ma haka ya saye shi cikin wasu kwalaye da ya kwasa a hannun wani. To jiya ba kai ne ka san tarihin kowane faifai ba? Sai ya sauya, wai ai masu tara irin wannan kaya takardar da kwalin suke biya, faifai kam waƙa ɗaya ce ko a ina aka ɗora ta. Na ce to me ya hana ka faɗa min haka jiya in zaɓa da kaina, kuma waƙar ma ai tsalle take yi. Ya miƙa yatsa ya nuna min wani ɗan kwali a gefen tebur da aka rubuta cewa abin da aka saya ba a mayarwa, ɗan ƙarami, bayan tulin kaset, ayar kuwa manyan baƙaƙe ce a gaba kowa na gani. Ƙarshen abin da ya yi shi ne wai in zaɓi guda ɗaya a kwalin masu dala 5 in ɗauka kyauta a wuce wurin. Na ce na gode, riƙe kayanka. Mutane sun fara taruwa ni kuma ba na son a ce ga baƙin nan yana hayaniya da tsoho, na ɗauki ledata na tafi. Na je teburin masu shirya taron, wata mata ta saurare ni da kyau ta ba ni haƙuri, amma ta ce 'yan kasuwa haya suke biya na fili, cinikinsu ba ya hannunsu, za ta dai rubuta. Da yake tsabar kuɗi ne babu bankin da zan kira. Kafin ranar ƙarshe ta yi ma ya naɗe kayansa ya bar wurin.

Abin da ya ɗan wanke min zuciya wasu yara ne da ko sunansu ba ya cikin jadawali. A irin wannan biki akwai al'adar nan tun zamanin Cornerstone, ƙananan ƙungiyoyi su ja janareta gefen hanya su kafa kayansu su yi ta bugawa ga duk wanda ya tsaya. Ina wucewa da rana tsaka raina a ɓace na ji hardcore irin na da, gajeru gajeru, mai sauri, kowa na amsa amshi tare, samari ne da wata yarinya mai kaɗa jitar bes, gumi kamar an watsa musu ruwa, masu kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba amma suna yi kamar filin ya cika. Da suka gama na je wajen akwatin da suka kifa a matsayin tebur. Faifansu shi ma fanko ne aka ɗora wa waƙa, an rubuta suna da alƙalamin maka, baitocin a takardar fotokwafi an ninke. Mai waƙar ya ce min, ɗan'uwa, mu muka yi shi da kanmu a ɗakin ƙasa na cocinmu, sautin ba wani mai kyau ba ne, ka ba da abin da kake da shi, in babu ma ka ɗauka. Na ba su dala 10 suna ta godiya kamar na ba su ɗari. Ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, arewa, sai ya ce ko zan yarda su yi addu'a domin mutanenmu, muka tsaya a ƙura nan muka sunkuyar da kai. Faifan nasu gaskiya ganga ta danne jita, muryar wani wuri tana fashewa, amma ba ya tsalle, kuma tun da na dawo shi na fi sakawa, fiye da Extol ɗin ma. Kun ga ai ba da kwafi nake faɗa ba, nasu ma kwafi ne, sun dai faɗa min kafin in zaro kuɗi.

Da na zauna rubuta wannan niyyata in ba sayayyar bikin tauraro 4 cikin 5 saboda yaran nan da masu sababbin kaya, amma ina rubutu ina tuno wasu abubuwan. Tsohon nan fayafayan garmaho a bakin tanti ya jera su inda rana ke duka kai tsaye, a zafin Yuli na Illinois, kuma kowa ya san roba ce, zafi yana lanƙwasa ta, na ga wani saurayi ya ɗauki ɗaya da tsada ya tafi yana murna, Allah kaɗai ya san abin da ya tarar da ya isa gida. Sannan kwalin da ya rubuta wa na Kirista ya cusa komai a ciki har da sababbin Underoath, alhali su da bakinsu sun ce a daina kiransu ƙungiyar Kirista tun wajen 2018, haka Zao ma sun daɗe da ajiye sunan. Ni ba na ƙinsu, ina da Where Blood and Fire Bring Rest na 1998 ina kuma ji, amma uwa da ta zo saya wa ɗanta ta dogara da rubutun kwali fa? Kuma masu taron da ke karɓar kuɗin haya, a ce babu ko mutum ɗaya da zai zaga ya ga me ake sayar wa jama'a da sunansu, haba. Haƙurin matar nan na karɓa amma haƙuri bai dawo min da komai ba. Tauraro 3, kuma ɗaya daga ciki na yaran janareta ne.

Ga wanda zai je, in mai sayarwa ya juya zai saka maka faifai ka ce ya miƙo maka shi tsirara tukuna, ka juya bayansa a haske ka duba zoben tsakiya, ka shafa saman da yatsa ka ji ko takarda ce, kafin kuɗi ya bar hannunka. Na kwafi ko yana yi yau ba ya jure zafi da rana kamar na masana'anta.

Wani abin da ya ƙara ƙona min rai, Solid State sun sake buga Inhabit a 1999, kuma akwai shi a wani tebur can tsakiyar tantin, na gaske, a kan dala 15. Na faɗa wa tsohon na gan shi tun kafin mu yi ciniki, shi ne ya girgiza kai ya ce min kada in ɓata kuɗina a kan maimaici tunda ga na asali a gabana. Da na koma teburin washegari an riga an saye shi.