Tiransistan silikon kabaid mai volt 1,200: aiki mai kyau, sharuɗɗa masu tsauri

Abin da na gwada shi ne tiransista, wato ɗan makunnin lantarki mai kunna wuta da kashe ta da sauri, nau'in MOSFET na silikon kabaid (sinadarin da ya haɗa silikon da kabon) mai jure volt 1,200, wanda ke zuwa da ƙafa huɗu, irin wanda kamfanonin Infineon da Rohm da STMicroelectronics da Wolfspeed duk suke ƙerawa a yau. Na sa shi ne a cikin inbatar wutar sola, wato na'urar da ke juya wutar sola zuwa irin wutar gida, a gurbin wani nau'in tiransista na silikon mai suna IGBT da aka daɗe ana amfani da shi.

Ƙarancin zafi ne ya fara bayyana. Ƙarfen sanyayawa da a da ba a iya ɗora masa hannu idan rana ta take, yanzu ɗumi kawai yake yi, fanka ma ba ta cika tashi ba. Dalilin yana cikin sinadarin kansa, domin silikon kabaid yana jure matsin lantarki kusan ninki 10 na abin da silikon ke jurewa, saboda haka ana yin sashen da wuta ke ratsawa siriri ƙwarai, asara ta ragu. Kuma ya fi silikon saurin fitar da zafi kusan ninki 3. IGBT kan ci gaba da zubar da ragowar wuta na ɗan lokaci bayan an kashe shi, wannan kuwa yana yankewa nan take, abin da ke ba da damar ƙara saurin kunnawa da kashewa, a kuma rage girman naɗin waya.

Sai dai wannan saurin shi ne tushen wahalarsa. Duk wanda ya cire IGBT ya dasa wannan a allon da bai sake wa tsari ba, zai ga siginar tana karkarwa a fuskar na'urar awo duk lokacin da aka kashe tiransistan, domin ɗan tsawon waya da silikon ke yafewa shi ba ya yafewa. Ƙofarsa, wato ƙafar da ake ba shi umarnin kunnawa da kashewa ta cikinta, tana son volt 15 zuwa 18 wajen kunnawa, kuma galibi ana saukar da ita ƙasa da sifili wajen kashewa don kada ta kunna kanta. Abin da ya fi damuna shi ne gajen haƙurinsa idan wayoyi suka haɗu: yawancin IGBT na jure kusan mikrosakan 10 (mikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), shi kuwa 2 zuwa 3 ne kawai, don haka dole na'urar kariya ta riga shi motsi, in ba haka ba ya ƙone.

Tsadarsa ma ba ta son rai ba ce. Ana rainon dutsen silikon kabaid ɗin ne daga tururi a zafin da ya haura digiri 2,000, yana girma a hankali, ga taurin da ya kusa kai na lu'ulu'u, wanda ke sa yankawa da gogewa su ci lokaci su kuma ci kaya. Yawancin faifan da ake yanko tiransistocin daga cikinsu milimita 150 ne, alhali na silikon sun kai 300. Wolfspeed ya buɗe masana'antar ƙera tiransistoci daga faifai mai milimita 200 a jihar New York ta Amurka a 2022, amma bashi ya kai shi ga neman kariyar kotu daga masu bin sa bashi a 2025. Kamfanin motoci na Tesla ma, wanda ya buɗe wa wannan fasaha kasuwa da motar Model 3 a 2017, ya sanar a 2023 cewa zai rage amfani da ita da kashi 75 cikin 100 a motocinsa masu zuwa.

A ganina, mai ƙera cajar mota ko inbatar da ke aiki kusa da volt 800, wanda zai zana allonsa daga tushe, ba zai yi nadamar kuɗinsa ba, domin abin da ya kashe a tiransista zai rage shi a tagulla da ƙarfen sanyayawa. Mai gyaran tsohuwar na'ura kuwa, ko mai ƙaramin aikin da bai wuce volt 650 ba, gara ya zauna a kan silikon ɗinsa tukuna.