Akodiyon ɗin da na saya da dala ya ba ni kunya a gaban Alhaji

Wata makarantar lesin a Samaru, masu shirya yara jarrabawar JAMB, ta ba ni aikin shafinta na intanet. Tambayoyin iyaye sun yi yawa, kuɗin rajista, lokacin darasi, ko mata na da aji daban, sai na ce bari in jera su a akodiyon: kanun tambaya a jere, ka taɓa ɗaya amsarta ta buɗe a ƙasa. Na sayi wani fulogin, wato 'yar manhajar da ake maƙala wa shafi don ta yi wannan aikin, da dala, sai da na ari katin abokina ma kafin kuɗin su wuce.

A laftof ɗina abin gwanin sha'awa, yana buɗewa a hankali kamar labule. Ranar da na je nuna wa mai makarantar kuwa, Alhaji ya ture laftof ɗin ya ciro wayarsa, ya ce ai da irinta iyaye za su duba. Netwok ya yi ƙasa a ofishin. Ya danna tambayar farko, shiru. Ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya sake dannawa. "Injiniya, ko yatsana ne ba ya ji?" Gumi ya karyo min. Ashe sai jQuery da lodin JavaScript ɗin fulogin, wato lambobin da ke sa shi motsi, sun gama sauka kafin ko ɗaya ta motsa, amsoshin kuma duk a ɓoye suke.

A daren na cire shi, na koma ga details da summary, alamomi biyu na HTML, yaren da ake gina shafi da shi, waɗanda burauza ke buɗewa da kanta ba JavaScript. Kuma tun fitowar burauzar Chrome ta 120, ƙarshen 2023, in ka ba su name, wato suna, iri ɗaya, buɗe ɗaya na rufe sauran. Kyauta!

Sai dai fa ba su da kyan gani, gaskiya. Ɗan kibiyar nan baƙi da ke gefen kowace tambaya sai ka zauna da CSS, yaren ƙawata shafi, ka gyara shi, buɗewar kuma farat ɗaya, ba yanga. Har na fara kewar fulogin ɗin, sai na tuna na rubuta wa masu shi ƙorafi sau 2, amsar da na samu wai in gwada netwok mai ƙarfi. A Samaru, lokacin da ɗalibai suka dawo hutu? Dalolina dai sun tafi.