The Eric Andre Show: shirin hirar da ke somawa da ragargaza tebur

Mai riƙe da salula a Yamai da wuya a ce bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani mutum mai tulin gashi ya cafki shingen ƙarfe da hannu biyu yana jijjigawa, yana kururuwa a bar shi ya shiga. Shi ake tura wa wanda aka kora daga guruf ɗin WhatsApp. Sunan mutumin Eric André, an ɗauki hoton a 2016 a Filadalfiya, a bakin babban taron jam'iyyar Demokarat ta Amurka, kuma guntu ne daga shirinsa na tele, The Eric Andre Show.

Shirin ya fara fita ranar 20 ga Mayu 2012 a Adult Swim, wato sashen dare na tashar Cartoon Network da aka keɓe wa manya. Zango shida aka yi: 2012, 2013, 2014, 2016, 2020 da 2023. Kowane zango kashi goma ne, kowane kashi kusan minti 11. Duka-duka awa 11 ke nan, ban da ƴan na musamman.

Ba a jin daɗin ɗan kama sai an san karatun da yake karkatarwa. In ya miƙe yana jan baki kamar malami amma tuwo da miya yake lissafawa, wanda bai taɓa zama gaban malami ba sai ya ɗauka yunwa ce kawai. Haka wannan shirin yake. Abin da yake kwaikwaya shi ne hirar tsakar dare ta Amurka, wadda The Tonight Show ya kafa wa tsari tun 1954, Johnny Carson kuma ya riƙe ta shekara 30, daga 1962 zuwa 1992. Kayan aikinta ba su canzawa: labule, makaɗa a gefe, mai gabatarwa cikin kwat da karabat, ɗan barkwanci a tsaye, sannan tebur da kofi a kai, abokin zama mai taya dariya, da baƙon da ya zo tallar sabon fim ɗinsa. An riga an daidaita tambayoyin kafin a kunna kamara, dariyar ma kusan an san inda za ta faɗo. Wanda ya saba da hirarrakin tashoshinmu, inda baƙo ke cinye minti biyu yana godiya ga mai gabatarwa da masu kallo kafin ya taɓa tambaya, ya san irin wannan ladabin na gaban kamara. Wannan ladabin ne André ya ɗauko ya kwance masa zani a kasuwa.

Ga yadda kashi ɗaya ke tafiya. Ana kiran sunan shirin, makaɗa su ɗauka, sai André ya faɗo filin da gudu ya auka wa teburinsa. Ya farfasa shi, ya yage labule, ya kifar da kantar kaya, sau da yawa ya rungumi mai ganga su zube tare. Minti ɗaya ko ƙasa da haka. Yana gamawa ma'aikata su turo sabon tebur, sabon labule ya sauko, ya zauna yana haki kamar ba abin da ya faru. Abokin zamansa, Hannibal Buress, ya shigo a natse ya zauna a kujera ɗaya tilo da ke gefen teburin. Daga nan barkwancin tsaye, wanda da gangan ake lalata shi: zance ba kai ba gindi, ƴan kallo na tafi inda bai dace ba. Sai baƙo. Da ya shigo, Hannibal ya tashi ya ba shi kujerar ya tsaya a kansa kamar dogari, don ba a tanadi ta biyu ba. Tsakanin hirarrakin ana sako abin da aka ɗauka a titunan Niyok, a rufe da mawaƙi, wanda shi ma ba a barinsa ya yi waƙarsa lafiya. A zango na huɗu har an riƙa ɗaure wa masu rap ido a sa su ƙetare tarkuna suna rerawa.

Da farko sai ka ce hauka ne tuburan. Ba hauka ba ne, aikin kafinta ne da na mai montaj, wato mai yanka hotunan bidiyo yana haɗawa, kuma nan ne shirin ya cancanci yabo.

Ɗauki teburin. Ba katakon kasuwar Katako ba ne mai kaurin hannu. Da allo marar ƙwari ake haɗa shi don ya watse da bugu ɗaya, a kuma tanadi da yawa. In aka yi shi da ƙarfi, ƙashin mutum ne zai karye. In aka yi shi da rauni fiye da kima, zai rushe tun kafin a kai gare shi, dariyar ta zube. Kuskure kaɗan ya isa: a zango na biyar ɗan kokawa John Cena ya jefa André cikin wata kanta, ƙarfenta ya kife ya buge shi a ka, sai da aka kai shi asibiti.

Baƙin kuwa dafa su ake yi a hankali. Ana barin ɗakin da zafi, fitilu na gasa mutum. An taɓa ɓoye ruɓaɓɓen abincin teku ƙarƙashin kujerar baƙo don wari ya dame shi bai san daga ina ba. Kujerar kanta tana iya motsi, ruwa ya ɗigo daga sama, kyankyasai su fito daga tebur. A zango na huɗu André ya bar wanka, ya bar farce ya yi zaƙo-zaƙo, ya rame. A na biyar ya juya, ya aske jikinsa kwal, ya ƙara ƙiba. Ana ɗaukar hirar da tsawo sosai, sannan a tsame minti biyu ko uku. Abin da ake farauta shi ne daƙiƙar da fuskar tauraro ke sauka daga murmushin talla zuwa ta mutumin da ke neman ƙofa. Tauraruwar tele Lauren Conrad ta tashi ta fice a zango na uku, mawaƙin rap T.I. ma ya fice a na huɗu.

Samarin da ke haɗa barkwanci a TikTok a Yamai, daga Bukoki zuwa Wadata, nan ne darasinku yake, ba a fasa kaya ba. Ku lura da inda ake yankewa. Ana katse magana kafin ta kai ƙarshe. Ana ɗauko fuskar baƙo daga wani wuri a liƙa ta bayan wata tambaya. Ana barin shiru ya yi tsawo har ya fara ciwo, sannan a saki tafi. A tsakiyar bala'i, mutum na sama bai kai ƙasa ba, sai hoton ya daskare, rubutu ya fito wai za a dawo yanzu, da ɗan kiɗa mai sanyi. Masu kwaikwayon André sukan faɗi a wuri ɗaya: su bar ihun ya yi minti biyar ba yanka, kuma kowa a cikin hoton yana ihu. Wuta ba ta kyan gani sai da duhu a gefenta. André da kansa ya koyi montaj lokacin da yake haɗa gwajin farko, wanda ya ɗauka a wani kangon kanti a unguwar Brooklyn, kuma makaɗi ne da ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Berklee. Ana jin kunnen makaɗi a yankan nan.

Duhun da ke gefen wutar shi ne Hannibal. Muryarsa a ƙasa, idonsa kamar mai jin barci, ya jefa kalma uku ya yi shiru. Shi ke tsaya wa mai kallo, shi ke nuna cewa abin da ake gani ba daidai ba ne. Ya bar shirin a farkon zango na biyar, kuma giɓin a fili yake. An gwada cike shi da wasu, kuɗi ma sun ƙaru, filin ya yi ƙyalli, amma baƙi da yawa sun riga sun san gidan da suka shigo, suna taya wasan. Tarkon da kura ta gani ba ya kamu. A 2024 ne André ya karɓi Emmy, babbar kyautar tele ta Amurka, a kan shirin. A ganinmu zango na biyu zuwa na huɗu ne suka yi aikin.

Sashen titi ne ba mu sayen sa duka. Wasan taubasai yana da doka: Bazabarme da Bagobiri, ko Bazabarme da Buzu, kowa ya san ana wasa kuma yana da bakin ramawa. Tauraron da ya zo talla shi ya kawo kansa. Amma matar da ke sauri ta kama jirgin ƙasa, wani ya faɗo gabanta jina-jina da jinin ƙarya, ba ta shiga wasan kowa ba. Wasu guntayen suna da basira, kamar na tarukan siyasar 2016. Wasu tsoratarwa ce kawai. Kada wani ya ce zai gwada irinta a Babbar Kasuwa. Kafin ya ce kamara ce an gama da shi.

Sai gargaɗi, kuma ba na wasa ba. Akwai tsiraici ko da an dushe shi, akwai batsa, amai, da izgili da ba ya ƙyale addini. Ba shirin tsakar gida ba ne, ba na yara ba ne duk da sunan Cartoon Network, ba na gaban surukai ba ne. A fada ma a duba wa ke zaune kafin a kunna. Wanda irin wannan ke ɓata wa rai ya bar shi, bai yi asarar komai ba.

Ga mai son gwadawa, shafin Adult Swim na YouTube yana da guntaye da yawa. Turancin ba shinge ba ne sosai, rabin dariyar a jiki take, amma fassarar da na'ura ke rubutawa a ƙasa tana rikicewa da zarar an fara ihu, gara a kashe ta. A 360p minti 11 yana cin abin da bai wuce mega 60 ba, kuma ƙara inganci ba ya ƙara komai, balle zango na farko da aka ɗauka da tsofaffin kamarori don ya yi kama da tashar unguwa ta shekarun 1980. Dishi-dishin ba laifin rezo ba ne. A zangon nan wasu “taurarin” ma na jabu ne, masu kama da su aka ɗauko haya, shi ya sa bai dace a soma da shi ba. A fara da na uku, da abin saƙala wa kunne, a rage murya kafin buɗewar don tana fashewa ba sallama. Kashi biyu a zama ɗaya sun isa; a na uku kunne ya saba da ihun, tebur ya fashe ba wanda ya motsa.